Gawon da Muka Leƙa ta Taga

Manyan rigingimun duniya, in mutum ya bi su a tsanake, yawancinsu a kan taki bakwai na ƙasa suka tsaya. Na karantar da tarihi shekaru masu yawa, na rubuta sunayen dauloli a allo na goge, na rubuta wasu na sake gogewa, ban kuma ga yaƙin da ya wuce wannan awon ba, sai dai a ce takin wasu ya fi na wasu faɗi. Don haka ba na jin nauyin faɗin cewa abin da ba zan manta ba a rayuwata, ko da na manta ranar da aka ɗauke ni aiki, shi ne wata safiyar Alhamis da tsofaffi huɗu suka zauna gaban ordinatar, wato kwamfuta, a Damagaram suna kallon wani ɗigo fari.

Bayan na ajiye alli, zaman gida bai karɓe ni ba. Sai na sami ɗan aiki a wata babbar ƙungiyar koperatif ta manoma da ke da buro, wato ofis, a unguwar Zango, bayan layin masu sayar da buhuna. Aikina shi ne shigar da sunayen manoma, da ƙauyukansu, da irin da suka shuka. Mai kula da sashen ordinatar wata mata ce 'yar unguwar Birni, daga gidajen Barebari, wadda na yi wa dikte, wato shifta, a aji tun tana sa takalmin hagu a dama. Yanzu ita ke koya mini inda zan danna. Tana ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko a nan, ni kuma ina ce mata Madam in da mutane, in babu kowa in ce ɗiyata. Ta rama duk jan bik ɗin, wato jan biro, da na zuba mata a kaye, littafin rubutunta, amma cikin ladabi.

Dukan aikin ƙungiyar yana cikin wani babban lojisiyel guda ɗaya, wato manhajar ordinatar, kamar gida mai ɗakuna da yawa. Abin da muka shigar yana zama, gobe ka dawo ka tarar da shi inda ka bar shi. Amma akwai wani wuri a gefe da in ka danna, sai hoton ƙasa ya bayyana kamar yadda shaho yake ganinta: gonaki, hanyoyi, rufin gidaje. Har kana iya ja da baya ka ga yadda wurin yake a shekarun da suka wuce. Ranar da na fara ganinsa na ce mata ashe duk Damagaram tana cikin akwatin nan namu.

Ta ce, "A'a, Mushe. Wannan ba namu ba ne. Na wani kamfani ne a ƙasar waje mai satelit, tauraron ɗan'adam. Mu taga suka ara mana. In ka buɗe, sai lojisiyel ɗinmu ya je can ya leƙo maka. In ka rufe, shi ke nan, ko ƙura ba ta saura a wurinmu."

"To in ina so in ajiye fa?"

"Babu wurin ajiyewa. Babu maɓallin bugawa a takarda. Haka kontirar da muka ƙulla da su ta ce, kuma ni na sa hannu."

Na ce wannan ai allo ne ke nan ba tare da kaye ba. Ta ce haka ne, kuma mai gogewar ba ya jiran masu jinkirin rubutu. Na gane da wa take.

A wannan shekarar ne abin ya taso a ƙauyenmu, can ƙasar Dakusa. Baffana, yayan mahaifina, yana da gona gabas da gari. Gonar da ke jikinta ta taubashinsa ce, ɗan ƙanwar kakana. Tun suna yara suke tsokanar juna, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kowa na cewa shi ya koya wa ɗayan riƙe hauya. Baffa kuma ƙanwar taubashin nan ya aura, wadda muke kira Inna. Tsakanin gonakin biyu ba shinge, ba gamba, sai wani babban gawo. Shi ne iyaka. Kowa ya san haka, ba wanda ya taɓa aunawa.

Inna ta rasu. Bayan 'yan shekaru iska ta kayar da gawon, masu itace suka sare shi, suka tone kututturen, yashi ya cike ramin. Damina biyu ba wanda ya ce komai. A ta uku Baffa ya shuka gero har wani wuri, taubashin ya ce an shigo masa. Aka auna bambancin da ke tsakanin maganar wannan da ta wancan, taki bakwai. Wasan da aka yi shekara sittin ana yi ya tsaya cak. Suka koma gaisuwa irin ta baƙi, da "malam" da "ina gajiya", wadda a wurin taubasai ta fi zagi ciwo. Maigari ya yi iya ƙoƙarinsa, shaidu kowa ya nuna wuri dabam, daga ƙarshe aka yanke cewa Baffa, tun da shi ya shuka, zai dafa Alƙur'ani ya rantse cewa nan gawon yake.

Gwaggona, ƙanwar Baffa da mahaifina, ta shigo mota takanas ta zo Damagaram. Ba ta ko sha ruwa ba ta ce, "Kai da ka yi boko, kada ka bari ya dafa."

Na ce, "In gaskiyarsa ce fa, Gwaggo?"

"Mutumin da ke neman hularsa tana kansa? Ba ƙarya zai yi ba, shi ya yarda da abin da yake faɗi. Amma in ya dafa a kan kuskure, wa zai ɗauke masa? Kuma in ya dafa, su biyun nan sun rabu ke nan har kabari."

An sa ranar rantsuwa Litinin mai zuwa. Kontirar tagar nan kuma, kamar yadda Madam ta sanar da mu tun farkon wata, ranar Juma'a za ta ƙare, don porje, wato shirin tallafin da ke ɗaukar nauyinta, ya zo ƙarshe.

Washegari na ɗauko babban rajistan ƙauyuka. A cikinsa kowane ƙauye yana da layinsa, an jera su bisa haruffa, gaban kowane akwai dogayen lambobi biyu masu nuna inda yake a doron ƙasa. Shekara talatin ina gaya wa yara cewa mai kwafe daga littafi ya ɗora ma'auni ƙarƙashin layin da yake kwafewa. Ran nan ban ga ma'aunina ba, kuma ina sauri. Na kwafe lambobin a 'yar takarda, na shigar, na cusa takardar a aljihun riga. Ƙauye ya bayyana. Na bi hanyar da ta fita gabas, na ja shekaru baya, sai ga wani babban itace shi kaɗai tsakiyar fili, da inuwarsa kwance a gefensa. Na ciro waya zan ɗauka.

Madam ta ce daga bayana, "Mushe."

Haka nake kiran sunan yaro in na ga yana leƙen kayen maƙwabcinsa. Na mai da wayar aljihu. Daga baya na gane ko ta bar ni ma ba amfani, don da na aika wa taubashin Baffa saƙo, amsar da ya aiko ita ce hoton waya ko jikarsa tana iya sa masa gemu ta cire, balle hoton da ɗan gidan abokin shari'arsa ya ɗauko. Wakilin maigari ya kawo mafita irin ta mutanen da. Ya ce abin da ba a iya ɗaukowa, ai zuwa ake yi a gani. A kai masu rigima, a kai shaidu biyu, idonsu ya zama takarda.

Suka iso ranar Alhamis da hantsi, Baffa da taubashinsa da wakilin maigari da ladanin masallacinmu. Mota ɗaya suka shigo, amma an ce Baffa gaba ya zauna, taubashin can kujerar baya, ba wanda ya waiwaya tun daga Takeita. Suka tuɓe takalma a ƙofar buro duk da na ce ba sai sun tuɓe ba. Madam ta durƙusa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka jera kujeru, ta ja labule don haske ya ragu. Kafin ta buɗe ta yi musu bayani.

"Baba, abin da za ku gani ba ya zama. Aro ne. In na rufe ya tafi, gobe kuma masu shi za su karɓe abinsu. Don haka ku duba da kyau."

Ladan ya ce, "Kamar mafarki ke nan."

Ta ce, "Kusan haka, Baba. Sai dai wannan ku huɗu za ku yi shi tare."

Rezon intanet ba shi da ƙarfi ran nan, don haka hoton bai zo gaba ɗaya ba. Ya riƙa saukowa gutsure-gutsure, kusurwa nan, kusurwa can, da fari dishi-dishi kamar abin da ke ƙarƙashin ruwa, sannan ya washe. Fanka tana ta juyawa bisa kanmu. Can waje ana jin 'yan kabu-kabu masu babur suna kiran fasinja, amma kamar daga wata duniya. A gabanmu ga gari kwance, gidaje kamar an zuba ƙwaryar goro, rumbuna ƙanana zagaye-zagaye, hanyoyi farare sun fita ta kowace kusurwa kamar jijiyoyin ganye. Ba ɗayansu da ya taɓa hawa abin da ya fi rumbu tsawo. Yau ga su sama da gajimare, da hulunansu, hannuwa bisa gwiwa.

Wakilin maigari ya nemi gidansa ya samu, ya yi ƙorafin an rage masa girma. Ladan ya nemi masallaci, ya daɗe yana dubawa, ya ce shi a ganinsa kamar ya koma wancan gefen rijiya. Na yi masa bayani da muryar aji cewa daga sama arewa ce ke bisa, abubuwa kan juya wa wanda bai saba ba. Ya gyaɗa kai. Mutane sukan yarda da tsohon malami ko da ba su gane ba, wannan na cikin haɗarin sana'ar.

Sai Madam ta fara jan shekaru baya. Wannan ne abin da har yau nake gani in na rufe ido. Ƙasa ta yi kore, ta yi ja, ta sake yin kore. Rufin kwano suka riƙa ɓacewa ɗaya-ɗaya, bukkoki suna dawowa wurinsu. Garin ya riƙa tsukewa kamar yana komawa ƙuruciya. Wani fili da yake tsirara sai ga itatuwa sun tsaya a cikinsa, kamar ba a taɓa sare su ba. Na saci kallon Baffa, na ga leɓɓansa suna motsi. Ban sani ba ko tasbihi yake ko ƙidayar waɗanda suka dawo da rai a wannan tsohuwar shekarar da hoton ya mai da mu.

Ta bi hanyar gabas, ta tsaya. Ga itacen.

Lokacin kaka ne a hoton, ƙasa ta yi launin fura. Gawon ya yi duhu, dunƙule guda, inuwarsa ta miƙe yamma. Taubashin ya matso da kujerarsa, Baffa ma ya matso da tasa, har kafaɗunsu suka kusa haɗuwa ba su lura ba.

Wakilin maigari, da yake shi da aiki ya zo, ya yi gyaran murya. "To, ɗiyata, ina iyakar?"

"Iyaka ba ta fitowa, Baba. Abin da ke ƙasa kawai yake ɗauka."

"To daga itacen zuwa ina za mu auna?"

Nan na ga ramin da ke cikin dabarata. Itace yana nan, amma babu dutse, babu rijiya, babu wani abu kusa da shi da ya rage a yau wanda za a auna daga gare shi a ce taki kaza. Fili ne shimfiɗe, gonar wannan da ta wancan launi ɗaya, kamar zane guda da ba a yanka ba. Na tara tsofaffi daga Dakusa don su ga abin da suka riga suka sani, wato an taɓa yin gawo. Litinin kuma tana nan inda take.

Sai taubashin ya miƙa yatsa, bai taɓa gilashin ba. "Mene ne wancan fari a bakin inuwa?"

Madam ta matso da hoton iyakar yadda zai matsu. Ɗigo ne, bai fi ƙwayar gero ba, gefensa a narke.

Taubashin ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Jakin wani ne. Na san shi. Shi da mai shi ba wanda ke aiki in rana ta yi."

Ladan ya sunkuyar da kai. Shekara guda ke nan ba a ji irin wannan magana tsakaninsu ba.

Baffa ya ce, "Jakina baƙi ne, bawan banza. Wannan farar rigarka ce. Kana kwance, mutane na girbi."

"Ni da na koya maka girbin?"

"Ka koya mini barci dai."

Wakilin maigari ya yi dariya ƙasa-ƙasa. Sai kuma Baffa ya ƙura wa ɗigon ido. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya ƙara matsowa har numfashinsa yana taɓa gilashin.

Ya ce a hankali, "Ba kai ba ne. Ita ce."

Ba wanda ya tambaya ko wace ce. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san Inna da farin mayafinta, da ƙwaryar fura a ka, tana bin hanyar gabas in rana ta take. A gindin gawon take zama ta kira su duka biyun, mijinta daga wannan gefe, yayanta daga wancan, ludayi ɗaya suke karɓa-karɓa.

Taubashin ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wurin zamanta ke nan. Kullum bakin inuwa, wai tsakiya tururuwa."

"Ɗiyata," in ji Baffa, "a fitar mini da wannan a takarda. Ba don shari'a ba."

Madam ta juyo ta fuskance shi. Ta ce, "Baba, wallahi da ana iyawa da na yi maka. Ba ya fita. Kallo kawai aka ba mu."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan. Amma ba zan rufe ba sai kun ce."

Suka zauna suna kallo. Ban san tsawon lokacin ba. Na ga mutane suna kallon hotunan da ke cikin wayoyinsu, ɗaruruwa, suna turawa da yatsa kamar masu korar ƙuda. Ban taɓa ganin an kalli abu yadda tsofaffin nan biyu suka kalli ɗigon nan ba. Labule yana motsi, haske yana kai da komo a bango, ni kaina sai na fara jin ƙamshin fura da kukan kurciya, na ga kamar ɗigon ya ɗan gyara zama. Ladan yana ta motsa carbi. Wakilin maigari ya manta da awon da ya kawo shi.

Kuran ne, wato wutar lantarki, ya yanke mana. Fanka ta tsaya, gilashin ya yi baƙi, sai fuskokinmu a cikinsa. Madam ta ce in wuta ta dawo za ta iya sake leƙowa. Baffa ya ɗaga hannu.

"Bar shi. Na gani." Ya juya wajen wakilin maigari. "Ka gaya wa maigari ba zan dafa ba. Shekara arba'in ina zama gindin itacen nan, ban taɓa duban inda yake ba. Wadda ke zaune nake duba. Ban san wurin ba."

Taubashin ya ce, "Ai ni ma ban sani ba. Na ga dai ka shuka ne ba ka tambaye ni ba, ni ubangidanka."

"Ubangidan wa?"

A ƙofa suka yi ta gardamar wanda zai riƙe wa wani takalmi. Da za su koma, an ce kujera ɗaya suka matsu a bayan direba, suna faɗa kan wanda ya fi cin wuri har Takeita.

Taki bakwai ɗin nan ba wanda ya sake shuka su. Da damina ta zo wani ɗan gawo ya tsiro a ciki, kamar yadda sukan tsiro in an bar su, suka kewaye shi da ƙaya. Kowannensu yana cewa shi ya fara ganinsa. Baffa ya rasu bara, bai dafa komai ba sai sandarsa. Taubashin ne ya yi masa wanka.

Tagar ta rufe ranar Juma'a kamar yadda aka faɗa. Na danna wurin da safiyar Litinin, sai wani ɗan rubutu da Faransanci mai ladabi yana ba ni haƙuri. Duk abin da muka gani bai bar ko tabo a cikin lojisiyel ɗinmu ba, alhali sunayen manoman da na shigar da kurakuraina duk suna nan.

Na yi shekaru ina koya wa yara cewa abin da ba a rubuta ba ya ɓata. Ran nan na koyi cewa akwai abin da rashin ajiyarsa ne ke sa a dube shi da gaske. Da an ba su takarda, da kowa ya kawo ma'auninsa, da jikoki sun gaji gardamar tare da takardar. Da aka ce musu kallo ɗaya ne, sai kowa ya nemi abin da ya fi ƙaunar gani, aka kuma yi sa'a abu ɗaya ne. Tun daga nan in aka ara mini abu, ko yini ne mai kyau, ko hirar tsoho, nakan zauna in dube shi kafin in fara neman inda zan sa shi.

Wata biyu bayan waccan Alhamis matata ta ciro 'yar takardar nan daga aljihun rigata za ta yi wanki. Na kai ta buro, na buɗe rajista, wannan karon da ma'auni. Lambobin da na kwafe muka kalla na layin ƙasa ne, wani ƙauye can wajen Mirriya. Namu yana layin sama.